Yayata da Ƙwallon Matsami

Sunan wasan a bakin masu shi lakuros, amma mu a Misfala, unguwarmu a Makka, ba mu taɓa kiransa haka ba sai da aka fara buga shi a takarda. Gwaggona ce ta raɗa masa suna. Ranar da muka fara shigowa gida da sandar wasan, ta karɓa ta jujjuya ta, ta dubi 'yar ragar da ke bakinta, ta ce, "Wannan ai matsamin ƙosai ne aka yi wa doguwar ƙota." Tun daga nan ƙwallon matsami ya bi shi.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Shi Baba ya shigo ƙasar nan yana yaro, ta Chadi da Sudan, a bayan kakanmu, ya samu iƙama, wato katin zama, mu ma muka shiga ƙarƙashinsa. Ita kuwa daga baya ta zo aikin Hajji da mijinta, suka yi zamansu. Mijin ya rasu tana da tsohon ciki. A ɗakin Ummata ta haihu, babu asibiti, babu takardar haihuwa. Wannan 'yar ita ce nake ce wa Yaya. Shekara biyu ta ba ni. Katifa ɗaya muka kwana a kai tun ina rarrafe, kwano ɗaya muka sa hannu. Ni na yi makarantar gwamnati, ita ta yi ta allo a lungunmu, da rana kuma ta taya Gwaggo suyar ƙosai da dama kunu, ta ɗauka ta kai wa alhazan da suka sauka a gidajen haya na unguwa. Ni ina da kati a jaka, ita babu. Muna yara ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Wadda ta kawo wasan malama ce a makarantarmu. Abla muke ce mata, kamar yadda ake kiran kowace malama a nan. Jikar Hausawa ce amma 'yar ƙasa, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da ɗan faɗa ba. Ta yi karatu a waje, ta dawo da sanduna goma sha biyu a wata doguwar jaka. A lokacin ba a yi wa 'yan mata wasanni a makaranta, don haka ta kama hayar wata istiraha a bayan gari, irin gidajen nan masu doguwar katanga da fili a tsakiya da ake kamawa don biki. Kowace Alhamis bayan la'asar take buɗe mana. Ta ce kowa ta zo da wadda za ta iya gudu. Na ja Yaya, tana cewa ita wake za ta jiƙa.

Mu 'yan makaranta muka shafe yammacin muna zubar da ƙwallo, ko ta doke mu a goshi. Da aka zo kan Yaya, Abla ta wurgo mata da ƙarfi, ta cafe a raga ko kallon sandar ba ta yi ba, ta karkaɗa wuyan hannu ta mayar. Aka sake, ta sake. Hannun da ya shekara goma yana tsamo ƙosai daga tafasasshen mai ba tare da ya fallatsa ba ya riga ya san aikin. Abla ta riƙe ƙugu ta dube ni, ta ce da Larabci, "Ke, a ina kika ɓoye wannan?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana dariya. A hanyarmu ta komawa ta ce mini, "Ƙanwata, wallahi ban san ina da gudu ba. Ban taɓa samun inda zan yi ba."

Kafin shekara biyu mun zama ƙungiya huɗu: mu 'yan Misfala, da 'yan Hindawiyya, da 'yan Rusaifa, da 'yan Aziziyya. Ba mu da riguna, da launin ɗankwali ake gane mu, namu kore. Galibinmu 'ya'yan Hausawa ne, da 'yan Barno, da wasu 'yan Burma biyu, da Larabawa ƙalilan. Abla ta kafa majalisa ta mutum bakwai: ita, da shugabar kowace ƙungiya, da iyaye mata biyu waɗanda aikinsu shi ne su shawo kan sauran iyaye. Gwaggo na cikin biyun. Shugabancin Misfala kowa ya san na Yaya ne, amma Abla ta ce a rubuta ni, don in wata magana ta taso a samu mai katin da za ta amsa. Yaya da kanta ta ce haka ya fi.

Dokokin a wani littafin rubutu na 'yan makaranta suke. Na wasan ba su da yawa. Mutum shida-shida ake shiga, saboda filin ƙarami ne. Ba a taɓa ƙwallo da hannu sai mai tsaron gida. Ba a ture, ba a bangaza, kuma sanda ba ta zuwa kusa da fuskar kowa, wadda ta yi haka za ta fita ta zauna minti biyu. Akwai da'irar da aka zana da farar ƙasa a bakin raga, ba mai taka ta sai mai tsaro. In za a fara, biyu za su tsaya a tsakiya su haɗa bayan ragoginsu da ƙwallo a matse tsakani, ana hura usur su cilla ta sama. Waɗannan Abla ta zo da su. Sauran mu muka ƙara da bakinmu. Da an ji kiran salla a ajiye sanda ko da ƙwallo na iska. Wayoyi a zuba su a kwando a bakin ƙofa, ba hoto. Ba wasa a azumi, ba wasa daga shigowar Zulƙida har alhazai su watse, domin rabinmu suna Mina suna girki da wanke-wanke. Ta ƙarshe Gwaggo ce ta sa aka rubuta: ba a tambayar kowa takarda.

Shekara biyar muka yi a haka. Kofinmu wani tiren shayi ne na silba da mahaifiyar Abla ta bayar, ƙungiyar da ta ci ta ajiye shi shekara guda. Sau uku ya kwana a ɗakinmu. Wanda na fi tunawa shi ne karon ƙarshe da 'yan Hindawiyya. Muna kunnen doki, rana ta yi ja, kowa na jiran kiran magariba ya raba mu. Yaya ta karɓi ƙwallo a bayan ragarsu, 'yan mata biyu suka tare ta. Ta yi kamar za ta miƙo mini, duk suka juyo kaina, sai ta zagayo da'irar ta jefa ta bayan kafaɗarta ba tare da ta waiwaya ba. Gwaggo da ke zaune kan tabarma ta miƙe ta rangaɗa guɗa har mai gadin gidan ya buga ƙofa yana tambaya ko aure aka ɗaura. Da muka zo gida, Baba, wanda bai taɓa ganin wasan ba kuma ba zai gani ba, ya sa aka zuba masa shayi a kan tiren, ya ce shi ma ya ci kofi.

Daga nan zamani ya juya. Aka fara ba mata izinin buɗe kulob, aka fara ganin 'yan mata a filaye na gaske. Wani kamfanin ruwan sha ya nemi Abla, ya ce zai ɗauki nauyin gasar ta zama ta ƙwararru: yarjejeniya a rubuce, albashi duk wata, fili mai ciyawa, motar kai da komo, likita, da ƙarin ƙungiyoyi biyu daga Jidda da Ɗa'if. Za a koma goma-goma, da alƙalan wasa masu takardar shaida. Sharaɗi ɗaya ne a ciki ya dame mu. Kowace 'yar wasa sai an yi mata rajista da lambar katinta. A ƙungiyarmu mu goma sha huɗu ne, shida ba su da kati.

Aka kira majalisa a falon Abla, wata Asabar da hantsi. Abla ta yi bayani. Ta ce ta roƙa, ta rubuta, ta je ta dawo, babu hanya. Ta ce kuma tunda yanzu akwai izini, gasar da ba ta da shi ba za ta daɗe ba, mai istirahar ma ya fara ɗari-ɗari.

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Abla, ni ban yi karatu ba. Amma yaran nan da kike cewa a ajiye, su suka share filin nan, su suka kwashe duwatsunsa da hannu. Ranar da ba kowa ba ku tambaye su kati ba. Yau da aka ga romo ne za a ce su matsa?"

Abla ta ce, "Ya Hajja, me zan yi? In na ƙi, duka za su rasa."

"To su rasa tare. Tare suka samu."

Aka ce a ɗaga hannu. Abla da shugabar Aziziyya da ta Rusaifa suka ɗaga. Gwaggo da ɗaya uwar da shugabar Hindawiyya suka naɗe nasu. Saura ni. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa na yi don sauran yaran ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ina son ciyawar nan. Ina son riga mai lamba a baya. Akwai kuma abin da na fi jin kunyarsa: shekara biyar ana ce mini ƙanwar wance, na gaji. Na ɗaga hannu ina kallon kafet.

A mota Gwaggo ta juya tana kallon taga har muka iso gida. Muka tarar da Yaya a tsakar gida tana surfa wake. Ta ɗago ta ce, "Yaya aka yi?"

Gwaggo ta ce, "Tambayi ƙanwarki," ta shige ɗaki.

Na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta tsaya da hannunta cikin ruwa, ƙwanson wake na yawo a kai. Can ta ce, "To. Allah ya sa alheri." Ta ci gaba da aikinta.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ana gobe wasanmu na farko ta ɗauki sandata ta kwance ragar ta sake ɗaure ta, ta ce ta yi zurfi, alƙalan yanzu za su ƙi ta. Ba ta samu shiga kallo ba, domin tikitin ma ta waya ake yankarsa, shi ma da lambar kati. Da na dawo ta zaunar da ni ta ce in ba ta labari tun daga usur na farko. Ta yi mini faɗa kan wata ƙwallo da na riƙe alhali akwai wadda ke sarari. Haka muka yi wasanni huɗu ko biyar. Daga baya in na shigo sai ta ce sannu da zuwa kawai, ni ma na daina ɗaukowa. Abla ta bar wa waɗanda aka ajiye tsofaffin sanduna, suka yi ta haɗuwa a istirahar na wasu watanni, har mai gidan ya ce a nemi wani wuri. Ɗaya ta yi aure, biyu suka koma aikatau a Jidda. Yaya ta rame. Ta koma kwana a ɗakin Gwaggo, ta ce wai ina yawan juyi.

Sabon tsarin bai san da hutun Hajji ba. A shekara ta biyu, lokacin da garin ya cika, aka kwashe mu zuwa Ɗa'if atisaye, inda iska ke da sanyi. Yaya kuwa ta tafi Mina kamar kowace shekara, tana girki a wata hema ta alhazan Afirka. Da safen da mutane suka taso daga Muzdalifa aka aike ta karɓo ƙanƙara, ta faɗa hannun masu duba takardu. Ina karya kumallo Umma ta kira ni. Ta ce, "An kama yayarki." Na ce wace yayar, kamar ina da wata.

Aka kai ta gidan da ake tara waɗanda za a mayar, a hanyar Jidda. Baba ya yi ta zirga-zirga da tsufansa, ya nemi duk wanda ya sani, Abla ma ta yi iya nata. Sau ɗaya Yaya ta samu aron waya ta kira. Ta ce sun tambaye ta garinsu ta ce Makka, suka ce ban da Makka, ta ce Misfala, har mai rubutun ya yi dariya. Tunda uwarta daga Kano ta zo, Kano aka rubuta. Ta ce in kula da Gwaggo, in tuna mata maganin hawan jini da safe, don ita ba ta tunawa. Na buɗe baki zan ce wani abu, mai wayar ta karɓe abarta. Bayan makonni aka ɗauki hoton yatsunta, aka sa ta a jirgi da abayar da ke jikinta da silifa. Ba wanda ya gan ta a cikinmu.

A Kano wani ɗan wan mahaifinta ya karɓe ta. Mutanen kirki ne, amma baƙi ne a wurinta, ita ma baƙuwa. 'Yar Makka suke ce mata. In Larabci ya kuɓuce mata ta ce yalla ko halas yara su kwashe da dariya. Ba ta san kuɗinsu ba, ba ta san damina ba, ruwan farko da aka yi da tsawa ta shige ƙarƙashin gado. Zazzaɓin sauro ya kwantar da ita sau uku a shekarar farko. Daga baya ta kafa kaskonta a bakin wani layi, ta auri wani mai ɗinki, ta haifi 'ya mace.

Gwaggo ta so ta miƙa kanta a mayar da ita ita ma. Ta haɗa kaya sau biyu. Yaya ce ta hana. Ta ce, "Inna, shekara talatin kina roƙon Allah ya ɗauki ranki a Makka kusa da babana. Kada ki ɓata addu'arki saboda ni." Gwaggo ta kwance kayan tana kuka. Ni na koma ɗakinta da kwana. Tana karɓar magani daga hannuna, tana sa mini albarka, amma maganar ƙwallo ba ta sake fita daga bakinta ba. In na dawo da jakar wasa sai in bar ta a bayan ƙofa.

Sai da aka shekara uku na iya tambayar Yaya. Muna waya ran wata Juma'a, 'yarta na kuka a bayanta. Na ce, "Yaya, hannun nan da na ɗaga."

Ta ce, "Na ji haushi. Ba zan yi miki ƙarya ba. Shekara biyu ina kallonki ina jin kamar in shaƙe ki."

"Da ban ɗaga ba..."

"Da ba ki ɗaga ba da sun rufe wurin duk da haka, kuma da na je Mina duk da haka, tunda can nake zuwa. Ba ke kika kama ni ba. Amma da kin naɗe hannunki, da na san ina da ke. Wannan ne kawai."

Na yi kuka, ba ta rarrashe ni ba. Da na lafa ta ce ta yafe, ta ce kuma kada in sake ɗauko zancen, ta gaji da shi. Ta tambaye ni ko har yanzu mai tsaron gidan Hindawiyya na tsoron ƙwallon ƙasa. Na ce ta daina wasa, ta yi aure. Ta ce, "Kash. Da ita ce na fi jin daɗin ci."

Gasar tana nan, ƙungiya takwas yanzu. Gwiwata ta ƙi bayan shekara huɗu, na koma alƙalanci. Abla ta ajiye shugabanci, ta ce ta gaji da taro. Yaran da ke wasa yanzu da yawa ba sa jin Hausa ko kaɗan, ko da kakanninsu Hausawa ne, kuma sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba, in ka cire mutum ɗaya.

Gwaggo ta rasu bara, bayan Hajji da wata ɗaya. Ta yi sallar walaha ta ce kanta na sarawa, ta kwanta, kafin Baba ya samo mota rai ya yi halinsa. Kwana biyu Baba ya yi yana neman takardar binne ta, saboda a rubuce babu ita a ƙasar. A rana ta uku aka ba mu. Ni da Umma muka yi mata wanka, aka kai ta Harami don sallar la'asar.

Yaya ta ce in kira ta in an zo yi. Na tsaya a sahun mata da waya a cikin hannun abayata. Da liman ya sallame, ladan ya yi shelar sallar mamata, na danna, na kanga wayar a ƙirjina. Ba a faɗin sunan kowa, gawawwaki da yawa ake jerawa a lokaci ɗaya, daga inda nake ko makarar ban hango ba. Aka yi kabbara huɗu. A tsakanin kowace ina jin numfashinta ta cikin wayar, da ƙarar babura a layinsu, da muryarta ƙasa-ƙasa tana bin liman. Aka yi sallama, maza suka ɗauka suka fita da gudu-gudu kamar yadda ake yi a nan.

Na ɗaga wayar na ce, "Yaya, an tafi da ita."

Ta ce, "Mutane da yawa?"

Na dubi Haramin, cike har saman bene. Na ce, "Ba iyaka."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Abin da take so ke nan." Sai ta ce in je in kama Umma kada a ture ta a cunkoso, ita ma za ta tashi, maƙwabta sun fara shigowa gaisuwa, babu tabarmar da za ta ishe su.